Wuyan Madubi

A Suwame, bayan rumfar masu walda,
inda baƙin mai ya cinye jar ƙasa,
Baba Gariba na tsugune tun rana ba ta yi ƙwari ba,
yana tankaɗe yashi kamar mai shirin tuwo.

Ni ne yaronsa. Shekara biyar ina hura wuta.
Tsohon fistan, kan injin da ya tsage, murfin tukunya,
duk mu jefa a kasko,
goran ruwa ya narke ya kwanta fari
kamar wata ya faɗa rijiya.

Mu ba ma yin madubi.
Madubi a kwali yake zuwa, daga tashar jirgin Tema.
Wuyansa muke ƙerawa,
ɗan ƙarfen nan da bai fi yatsa ba,
wanda ke riƙe shi a goshin mota
ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Baba zai danna samfurin katako cikin ɗanyen yashi,
ya zare shi a hankali, numfashi a ɗauke,
ya bar gurbi.
Mu zuba. Mu jira. Mu sha koko.
In ya huce mu fasa,
sai magagari ya hau aiki
har kan ya zama ƙwallo, sumul,
ya shige kwarminsa, sifirin ya rungume shi.

Yakan ce: in ka matse da yawa,
direba zai yi kokawa da shi a tsakiyar titi.
In ka sassauta,
ramin farko a hanyar Tafo zai sunkuyar masa da kai,
ya koma nuna gwiwar fasinja.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai.
Bayan an gama, an goge, ya yi ƙarfi,
sai Baba ya ɗauki siririn magagari
ya yi masa tsaga a gindi.
Na ce, Baba, wa ke gina katanga ya ɓame ta,
sannan ya zare bulo guda?

Bai amsa ba sai ranar Laraba,
da Kwaku Ntim ya faka turoturonsa a ƙofa.
Ya ce in dubi goshin mutumin.
Tabo ne, daga gira har cikin gashi.
Ya ce: aikina ne wancan.
Ina saurayi na yi masa wuya na baƙin ƙarfe,
na rantse ko guduma ba ta karya shi.
A gangaren Mampon akuya ta gitta,
ya taka birki, kai ya tafi gaba,
wuyan ya cika alkawarina.

Shekara talatin ke nan.
Ntim na zuwa, Baba ba ya karɓar sidinsa,
su zauna kan taya su yi gardamar ƙwallo.

Yanzu yana ta rufe idon Baba,
da babban yatsa yake gani.
Jiya na ƙera guda ni kaɗai, tun daga yashi.
Ya shafa ƙwallon, ya juya, ya saurari kukansa.
Farcensa ya sauka gindi, ya sami tsagar, ya tsaya.
Ya ce: ƙara kaɗan.
Na ƙara.
Ya miƙa wa Ntim.

Yau da asuba na ɗaure kaskona da igiya,
zan je Teciman in kafa tawa rumfar.
Ntim ya ce in zauna gaba, shi zai kai ni tasha.
An yi ruwa da dare, hanya duk kududdufi,
motar na rawa, ƙofa na ƙara, haƙorana na haɗuwa.
Na ɗaga kai.
Ga Baba can cikin madubi, tsaye da rariya a hannu,
yana ƙanƙancewa,
bai girgiza ba ko sau ɗaya
har muka sha kwana.